Shafi Huɗu da Suka Ɓata

Kwabena ne ya shigo da labarin daren Asabar,
tun bai ajiye ƙunshin wake da shinkafa ba:
"Sabon bugu na nan tafe bayan Sallah."
Shagon Mutawakkilu ya yi tsit,
har keken ɗinki ya dakata.

Shekara shida ke nan muna Aboabo,
kan teburin yankan yadi.
Mu ture almakashi da alli gefe,
mu shimfiɗa taswira, mu danne ta da dutsen guga.
Ayarin Dare, bugu na biyu,
a gwanjon Kejetiya na tsinto shi,
sidi goma sha biyar, bango ya sha salatif,
shafi huɗu babu, daga tamanin da ɗaya.
A nan ne ya kamata a faɗa mana
yadda ake yi in jarumi ya mutu a hanya.

Ina da buri, ba zan ɓoye ba.
Don Allah su rage lissafin faɗa.
Sara ɗaya da takobi, jifa uku da ɗan lido,
a tara, a ɗebe, a leƙa jadawali,
kafin ɗan fashi ya faɗi shayi ya huce,
Barikisu na hamma, hankalinta na kan motar Tafo ta ƙarshe.
Su kuma ba ciniki darajarsa.
Jarumata Kande Ta-Gwanja ko wuƙa ba ta riƙe ba,
da baki ta raba mu da aljanin gada,
ta sayar masa da goron da ya bushe tun kaka,
ya biya, har da godiya.
Maki biyu kacal littafi ya ba ta.

Sai dai jita-jita ta fi ƙudan kasuwa yawa.
Wai sai da waya, wai sai da data,
rabin dokoki a takarda, rabi a iska.
Mu da wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar yaƙi,
mu kunna aci-balbal mu ci gaba da gumurzu!
Wai kuɗinsa ya kai ɗinkin kaftani huɗu.
Wai sun soke fatake, sun bar mayaƙa da bokaye.
To ina zan kai Kande da jakinta mai ɗingishi?

Duk wannan da sauƙi.
Abin da ke hana ni barci shi ne
sabon littafin zai zo da shafukansa cif.

Sahabi ne ya cike mana giɓin,
da jan biro, a bayan rasit:
wanda ya mutu a hanya ba ya barin wasa,
murya yake zama,
sau ɗaya a dare ya raɗa wa ayari inda rijiya take.
Mun yi masa dariya ranar.
Bara, a hanyar Teciman, mota ta kife da shi.
Kujerarsa na nan, an jibga mata ragowar atamfa.
Har yau in mun ɓace a daji
madugu kan yi shiru, ya dubi wajen,
sannan ya ce, "Ku bi hagu."

In na buɗe tamanin da ɗaya
na tarar an rubuta da kyakkyawan bugu:
mamaci ya yaga takardarsa, ya ja sabuwa?

Duk da haka na jefa sidi biyar a gwangwanin madara,
inda muke tara kuɗin littafin.
Kwabena ya ce a bar wa ɗan lido hukunci,
in ya haura goma, mu saya.
Na jefa.
Ya gangara, ya faɗi, ya shige ƙarƙashin keke.

Babu wanda ya sunkuya.
Mutawakkilu ya lashi yatsa, ya buɗe tsohon littafi,
rasit ɗin ya zamo, ya mayar da shi wurinsa,
ya ce, "Ina muka tsaya makon jiya?"